Tambihi a Kan Halartar da Zuciya

 Ku sani abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wata cuta da ta yaɗu cikin zaurukanmu, wadda ba ta da ƙurji balle a matse, watau damuwa. Malami na bisa buzu yana biya karatu, alhali zuciyarsa na kasuwa tana lissafin kuɗin hatsi. Almajiri na riƙe da allo, hankalinsa na wajen tuwon dare. Gangar jiki na nan, mai ita ya yi tafiya.

Likitoci sun bayyana yadda abin yake. Idan mutum ya firgita, waɗansu 'yan halittu biyu da ke bisa ƙoda sukan zuba sinadari cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta, jiki ya ɗaure. Wannan rahama ce ga wanda ya yi kiciɓis da kura. Amma jiki bai san bambancin kura ta gaske da kurar tunani ba. Wanda ya kwana yana juya magana ɗaya a rai, jikinsa ya kwana cikin shirin gudu, sai barci ya ƙi, kai ya yi ciwo, da safe fushi ya sauka a kan iyali da ɗalibai waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba.

A shekarar 2010 waɗansu masana biyu na jami'ar Harvard a Amurka suka bi mutum 2,250 da tambaya ta wayoyinsu: me kake yi yanzu, ina kuma tunaninka? Suka samu kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan hankali ba ya kan aikin da ke gaba, kuma mutane sun fi rashin jin daɗi sa'ad da hankalin ke yawo. Tun gabanin haka, a 1979, wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe darasi a asibitin jami'ar Massachusetts, yana koya wa majinyata su tsai da hankali a kan numfashinsu da abin da ke gabansu. Daga mabiya addinin Buddha ya ɗauko hanyar, ya bar musu ibadarsu, ya riƙe horon hankalin.

To, ga mas'alar. Waɗansu na cewa a guje shi ɗungum saboda asalinsa, waɗansu kuwa sun mai da shi maganin kome. Ni ban bi ko ɗayansu ba. Ibadar wani ba ma ɗauka, wannan babu jayayya. Amma lura da numfashi horon jiki ne, kuma shan maganin likita bai taɓa shigar da kowa addinin likitan ba. Haka nan abin ba baƙo ba ne gare mu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani cikin Ihya'u Ulumiddini a kan halartar da zuciya cikin salla, da muraƙaba, da muhasaba. Littafin na cikin taskarmu, aiki da shi ne ya yi ƙaranci.

Ga abin da nake shawarta. Na farko, ka zauna minti 5 kafin buɗe karatu, ka ja numfashi a hankali, ka sake shi ya fi jan tsawo, domin sakin numfashi a natse yana rage bugun zuciya. Na biyu, in tunani ya sace ka, kada ka yi faɗa da shi. Ka gane shi, ka ce wannan bashi ne, wannan fushi ne, kana ka komo, ko sau ɗari ne. Komowar ita ce horon. Na uku, aiki ɗaya a lokaci ɗaya: in alwala kake, ka ji ruwan a hannunka, in rubutu kake, ka bi bakin alƙalami, waya na nesa.

Sai dai in yi gargaɗi. Natsuwa ba ta cika tukunya. Malamin da ya bar yara da yunwa, kada ya ce musu su lura da numfashi, ya nema musu abinci tukuna. Wanda kuma baƙin ciki ya danne makonni, ba ci ba barci, ko ya fara tunanin halaka kansa, a kai shi ga likita maza, kada a ce masa raunin imani ne.

Ina roƙon kowane mai zaure ya jarraba wannan da ɗalibansa kwana 40, ya dubi haddarsu, ya dubi fushinsa, sa'an nan ya yi hukunci. Allah Ya ba mu natsuwa, amin. Haza wasalam.