Ra'ayinmu: A Ƙayyade Awannin Tuƙi, A Kuma Biya Direba Kuɗin Jira

A Amurka, direban tirela mai dogon zango ba ya da ikon tuƙi fiye da awa 11 bayan ya huta awa 10 a jere. Waɗannan awanni 11 dole su faɗa cikin awa 14 daga lokacin da ya kama aiki, kuma in ya yi tuƙin awa 8 sai ya dakata na minti 30. A lissafin mako, da zarar aikinsa ya kai awa 60 cikin kwana 7, ko awa 70 cikin kwana 8, to ya ajiye makulli, sai dai in ya huta awa 34 cur sannan a sake masa sabon lissafi. Tun Disambar 2017 aka tilasta sanya na'ura a jikin injin motar tana rubuta kowane motsi, aka yi sallama da littafin da direba ke cikewa da hannu, wanda kowa ya san ana yi masa kwaskwarima.

Babu mai hankalin da zai ce dokar ba ta da dalili. Tirela cike da kaya a can tana kai kusan tan 36, kuma gyangyaɗin daƙiƙa uku ya isa ta bi ta kan ƙaramar mota. A watan Yunin 2014, a jihar New Jersey, wata tirela ta afka wa motar da ke ɗauke da ɗan wasan barkwanci Tracy Morgan. Abokin tafiyarsa ɗaya ya rasu, shi kuma ya ji mummunan rauni. Masu bincike sun gano direban ya haura awa 28 bai runtsa ba, domin sai da ya kwana yana tuƙa motarsa daga gida a Jojiya zuwa wurin aiki kafin ya hau tirelar. Na'ura tana ƙirga awannin aiki, amma ba ta san ko mutum ya yi barci ba.

Su ma direbobin suna da kukansu, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yawancinsu a kan kowane mil ake biyansu; in taya ba ta juyawa, babu ko sisi. Direba zai isa ɗakin ajiyar kaya ƙarfe takwas na safe kamar yadda aka ce masa, ya zauna a cikin mota yana kallon ƙofa, ba a gama masa lodi ba sai ƙarfe ɗaya. Awa biyar sun fita daga cikin 14 ɗinsa. Bisa al'adar sana'ar, awa biyun farko na jira ma ba a biyansu, sauran kuwa sai an yi ta kai ruwa rana. Yanzu ga tafiyar da aka tsara wa yini guda, ga lokaci ya ragu, ga kuɗin haya da na makarantar yara suna jiran milolin wannan makon. Me zai yi in ba ya taka mota ba? Dokar da aka yi don kada ya gaji ta zama abin da ke hana shi tsayawa ya ɗan kishingiɗa lokacin da idonsa ya yi nauyi, saboda agogon ba ya jiran kowa. Ƙungiyar direbobi masu motar kansu, OOIDA, ta kai ƙarar na'urar kotu ta sha kaye, ko da yake a 2020 hukuma ta ɗan sassauta yadda ake raba lokacin hutu.

Akwai kuma matsalar wurin kwana. In awanni suka ƙare alhali filin ajiye manyan motoci ya cika, direba ko ya karya doka ya ƙara gaba, ko ya tsaya inda ba tsaro. A 2009 an kashe wani direba a wani tsohon gidan mai da aka yi watsi da shi a Karolina ta Kudu, yana jiran lokacin sauke kaya ya yi.

Tushen wannan duka tsoho ne. Dokar ƙwadago ta 1938, wadda ta ba ma'aikatan Amurka ƙarin kuɗi in sun wuce awannin mako, ta cire direbobin manyan motoci daga wannan haƙƙin. Wanda lokacinsa bai da farashi, kowa zai iya ɓata masa shi.

Tarayyar Turai ta fi kama bakin zaren. Dokarta ta 2006 ta fi tsauri: awa 9 a rana, awa 56 a mako, awa 90 a mako biyu, da hutun minti 45 bayan awa huɗu da rabi. Amma abin da ya fi muhimmanci, ta haramta biyan direba bisa nisan tafiya ko yawan kaya in hakan zai jefa hanya cikin haɗari, ta kuma ɗora wa kamfani alhakin laifin da direbansa ya yi.

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Daga Legas zuwa Kano tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, kuma 'ya'yanmu da ƙannenmu ne ke riƙe da sitiyarin tireloli da tankokin da ke bin ta. Mutum zai yi kwanaki a layin Apapa, ya samu lodi, maigidan mota na buga waya, kuɗin hanya na ƙarewa a shingaye. Ga tumatir ko shanu a baya waɗanda ba sa jure jinkiri. Sai a koma ga goro da shayi mai kauri, wasu har da ƙwaya. Wanda ya taɓa wucewa Tafa ko Marabar Jos da dare ya ga yadda motoci ke jere a kafaɗar titi, direba da yaron mota suna kwance a kan tabarma ƙarƙashin tirela. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta tilasta na'urar ƙayyade gudu tun 2017, amma na'urar gudu ba ta maganin gajiya.

Matsayinmu shi ne iyaka a kan awannin tuƙi wajibi ce, kuma ba ma goyon bayan masu cewa a bar kowane direba ya auna ƙarfinsa, domin gajiyayye shi ne na ƙarshen sanin ya gaji, kuma ba ransa kaɗai ke kan titi ba. Sai dai zalunci ne a ɗaura wa direba agogo a bar masu ɓata masa lokaci suna sakayau. A Amurka, a soke waccan togaciya ta 1938, a wajabta biyan kowace awa ta jira. A nan gida, gwamnati ta zauna da ƙungiyar masu motocin sufuri, NARTO, da ƙungiyoyin direbobi a tsayar da awanni bayyanannu, a gina wuraren kwana masu tsaro da ruwa da masallaci a manyan hanyoyi, a sa direba biyu a motar da ke ɗauke da kayan gwari ko dabbobi. In kuma bincike ya nuna gajiya ce ta jawo haɗari, a gurfanar da mai mota da mai kaya da suka tsara tafiyar tare da direban.