Kyautar AMVCA ta 2025: zuciyata tana Daura, lissafina yana Legas

Ranar Asabar, 10 ga Mayu, 2025, za a raba kyaututtukan finafinai na AMVCA karo na 11 a Legas, kuma tun da aka fitar da sunayen 'yan takara fadarmu ta shayi a unguwar Tahaggart ta koma kotu. Kowa alƙali, kowa lauya. A da mukan ce wanda hasashensa ya faɗi shi zai sayo sukari da ganyen shayi na mako guda, sai wani dattijonmu ya ce ko a kan ƙwayar sukari ɗaya aka yi, sunanta caca. Muka bari. Yanzu wanda ya faɗi dariya kawai ake yi masa, kuma wallahi ta fi sayen sukarin ciwo.

Rukunin da ya dame mu ɗaya ne: fim mafi kyau cikin harsunan gida na Afirka ta Yamma. Akwai Mai Martaba da Kaka, dukansu na Prince Daniel, wanda aka fi sani da Aboki. Sai Seven Doors na Femi Adebayo, da Lisabi na Lateef Adedimeji, da ci gaban Anikulapo na Kunle Afolayan. Abokaina kusan duka sun ce Mai Martaba ne zai ɗauka. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Fim ne na sarauta da rikicin gadon mulki a wata masarauta da aka kira Jallaba, an ɗauke shi a Daura, ga dawakai, ga rawuna, ga Adam A. Zango. Shi Najeriya ta aika gasar Oscar ta 2025. Suka ce fim ɗin da ƙasa guda ta zaɓa ya wakilce ta a Amurka, ai ba zai faɗi a Legas ba.

Ni na ce zai faɗi. Ba daɗi nake ji ba da na faɗi haka, amma malamin makaranta da ya saba duba takardun jarrabawa ya san bambancin yaron da yake so ya ci da yaron da zai ci.

Abin da na koya a shekarun da na yi ina bin waɗannan bukukuwa shi ne, kafin ka tambayi wane fim ya fi kyau, fara tambayar wa ke zaɓe. A AMVCA hanya biyu ce. Wasu rukunan alƙalai ne ke zama su kalla su yanke hukunci, wasu kuma ƙuri'ar masu kallo ce ta intanet. Rukunin harsunan gida yana cikin na ƙuri'a. To a nan gizo ke saƙar. Ƙuri'a ba ta auna kyawun hoto ko ƙarfin labari. Abin da take aunawa shi ne mutum nawa suka ga fim ɗin, kuma nawa daga cikinsu za su ɗauki waya, su yi rajista, su danna. Finafinan Yarbancin nan uku duk suna kan Netflix, ana ganinsu daga Ibadan har Landan. Mai Martaba kuwa gidajen sinima aka kai shi. Gidan sinima nawa ne a Katsina, ko Maraɗi, ko Damagaram? Mu nan Tamanrasset kada ma a yi magana. Na tambayi masu rantsuwa da Mai Martaba a fadarmu, wa ya kalle shi daga farko har ƙarshe? Aka yi tsit. Tallarsa suka gani a Facebook.

Ƙari a kan haka, mutum ɗaya yana da fim biyu a jeri ɗaya. 'Yar ƙuri'ar da masoyansa za su jefa ma rabuwa za ta yi gida biyu.

Da ba haka abin yake ba. Har zuwa 2023 Hausa tana da rukuninta, Yarbanci da nasa, Ibo da nasa. A nan Ali Nuhu ya ci da Mansoor a 2018, Abubakar Bashir Maishadda ya ci da Aisha a 2023. Daga 2024 aka haɗe su aka ce Afirka ta Yamma, kuma a shekarar farko Jagun Jagun na Femi Adebayo ya lashe. Wasu suna cewa an yi haka ne don a danne Arewa. Ni ban tafi can ba. Kyautar da aka keɓe maka kai kaɗai tana da daɗin karɓa, amma kamar yaro ne ya zo na ɗaya a ajin da shi kaɗai ne ɗalibi. Haɗewar ta fito da wani abu da muka daɗe muna rufewa: muna da yawa wajen kallo, ba mu da yawa wajen da ake ƙirgawa.

Dubi yadda muke kallo a nan. Dish ɗin da ke kan rufin gidajenmu tashoshin Larabawa da na Faransa yake kamowa. Fim ɗin Hausa ta waya yake zuwa. Labarina da Izzar So a YouTube, idan akwai intanet. Idan babu, ka je wajen masu turi a kasuwa, ka ba da 'yan dinari a cika maka waya, ko direban da ya taso daga Agadas ta Arlit da In Gezam ya zo da su a memori. Gida guda, mutum goma sun kalla, amma a lissafin mai fim ko mutum ɗaya bai kalla ba, ko sisi bai shiga aljihunsa ba. Ni ma na yi, ba zan wanke kaina ba. Sannan ranar biki mu zauna muna cewa an yi mana rashin adalci.

Mai son ya san ko fim ɗin Hausa na iya cin kyauta da ƙarfin kansa, ya duba inda alƙalai suka zauna. A 2020 The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda yawancin maganarsa Hausa ce, ya ci kyautar fim mafi kyau a AMAA, Maryam Booth kuma ta ci ta mai taimaka wa jaruma. Can babu ƙuri'ar waya. Mu da ke zaune a Aljeriya mun fi kowa sanin wannan darasi. A 2025 shekara 50 ke nan da fim ɗin Mohammed Lakhdar-Hamina ya ɗauki babbar kyautar Cannes a 1975, kuma ba yawan magoya baya ya ba shi ba. Haka Oumarou Ganda na Nijar, wanda ya fara ɗaukar babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Aiki aka duba.

Wani zai ce, malam, kai da ke tsakiyar Sahara, mene ne naka a bikin da ake yi a otal a Legas? Nawa yana cikin aji. Yaranmu da Larabci suke karatu, ga Faransanci, ga Ingilishi da aka shigo da shi firamare tun 2022, a titi kuma Darja da Tamashek. Hausa a tsakar gida ta rage, kuma idan ban da kaka, babu mai koya musu ita kamar fim. Na ji yarinya 'yar shekara tara ta ce wa ƙawarta "ranki ya daɗe" cikin wasa, na tambaye ta inda ta ji, ta ce a wayar mamanta. Kyauta kuwa ita ke jawo masu kuɗi, ita ke sa manyan dandamali su sayi fim, su sa masa fassarar Larabci ko Faransanci, yaro ya nuna wa abokin zamansa a benci ya ce wannan namu ne. Idan kullum faɗuwa ake yi, masu zuba jari za su koma inda ake ci, a bar mu da finafinan da aka ɗauka cikin kwana huɗu a falo ɗaya.

To ga hasashena, a rubuta. A rukunin harsunan gida, tsakanin Lisabi da Seven Doors ne, kuma idan aka matsa mini zan ce Lisabi. Labarin jarumin Egba ne da ya yi wa daular Oyo tawaye, mutanen Abeokuta suna ganinsa nasu ne na jini, irin wannan kishi kuwa shi ke tayar da mutum ya nemi inda ake dannawa. Seven Doors ba zai tafi hannu rabbana ba. A wajen alƙalai nake ganin rabonsa, musamman kyautar jarumi ga Femi Adebayo da ta jaruma ga Chioma Chukwuka, wadda ta riƙe fim ɗin a matsayin matar sarki. Mai Martaba na sa shi na uku.

Duk da haka na tura wa 'yan uwana na Kano da Katsina shafin Africa Magic, na ce su jefa wa Mai Martaba tun ba a rufe ba. Ƙanwata ta amsa da cewa ita ba ta ma san ana zaɓe ba. Mai shayinmu ya karɓi takardar da kowa ya rubuta hasashensa ya sa a gwangwanin sukari. Agogonmu ɗaya da na Legas, bikin kuma yakan kai dare, ga shi Lahadi da safe ina da aji. Na ce kada wanda ya tashe ni, sai fa idan ni ne na faɗi.