Uwar mijin da ta aika da takalmi neman suruka

Yau za mu leƙa Daular Rumawa ta Gabas, masu magana da Girkanci, wadda babban birninta shi ne Kustantiniyya, wato Istanbul ta yanzu.

A shekarar 780 Sarki Liyo na Huɗu ya rasu, ya bar matarsa Irin da ɗansu Kustantin mai shekara 9. Ita ta riƙe masa sarauta. Da ya isa aure, a 788, sai ta baza manzanni cikin ƙasa neman amarya. Wani littafi da ɗan'uwan amaryar ya rubuta ya ce sun tafi da ma'aunin tsayi, da zanen irin fuskar da ake so, har da takalmin gwaji. Ku ji fa, takalmi! Aka tara 'yan mata a fada, aka zaɓi Mariya, jikar wani dattijo da kyauta ta ƙarar masa da dukiya.

Shi angon ba a nemi ra'ayinsa ba. Da ma an yi masa baiko da 'yar Sharlaman, sarkin Farankawa, aka fasa. Zaman bai yi daɗi ba. A 795 ya saki Mariya, ya tura ta gidan matan da suka keɓe kansu don ibada, ya auri wata hadimar uwarsa. Malaman coci suka yi ca a kansa. Marubucin tarihin zamanin ya ce uwar ce ta zuga shi, don jama'a su juya masa baya.

A fadar akwai wani ɗaki da aka lulluɓe da dutse mai launin shunayya, inda matan sarki ke haihuwa. Nan Irin ta haifi Kustantin, nan kuma mutanenta suka ƙwaƙule masa idanu a 797. Na daɗe ina juya wannan a raina, na kasa ba ta uzuri, ko da kuwa shi ma ya taɓa ture ta daga mulki. Ta yi sarauta ita kaɗai har 802, aka tumɓuke ta, ta rasu a tsibirin Lesbos shekara guda bayan haka.

Mariya kuwa ta haifi 'ya, Yufrosina, wadda daga baya ta auri sarki. A 830 ita ma ta tara 'yan mata a fada, ɗan mijinta ya zaɓi mata.