Ba Na'ura Ce Ke Sa Hannu a Takardar Sallama Ba

'Yan'uwana maza da mata, ku ba ni aron hankalinku. Maganar ta gaggawa ce, kuma ta abincin mutane ce.

A farkon Nuwamban 2022 ma'aikatan Twitter a Accra suka tare a sabon ofishinsu, wanda shi kaɗai kamfanin ke da shi a duk Afirka. Ko mako guda ba su yi a ciki ba saƙon sallama ya iso. Elon Musk ya sayi kamfanin a kan dala biliyan 44, ya kori kusan rabin ma'aikatansa 7,500, na Ghana kuwa kusan duka aka share. Sai da suka kwashe fiye da shekara suna bin haƙƙinsu.

A Nuwamban 2022 dai Meta, mai Facebook da WhatsApp da Instagram, ya sallami mutum 11,000, ya ƙara da 10,000 a Maris ɗin 2023. A Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000. Kowane ɗaya a cikinsu akwai mai jiran kuɗin cefane daga hannunsa. Akwai kuɗin makarantar yara. Akwai tsohuwa a gida mai jiran kuɗin magani.

Da farko an ce mana kasuwa ce ta ja baya. Yanzu an sauya baki, an ce ƙirƙirarriyar basira ce ta zo, na'ura ta iya aikin, ba yadda za a yi. To mu duba lissafin tare. Watanni uku bayan korar mutum 12,000, uwar kamfanin Google ta ware dala biliyan 70 don sake sayen hannayen jarinta, abin da ke ƙara wa masu jari ƙiba. Microsoft ya ci ribar sama da dala biliyan 100 a shekarar kuɗinsa da ta ƙare a Yunin 2025. A tsakanin Mayu da Yulin 2025 ya sallami kusan mutum 15,000, alhali ya ware dala biliyan 80 don gina rumbunan kwamfutocin da ke ɗauke da wannan basira. Kamfanin da ya ci ribar biliyan 100 ba yunwa ce ta sa shi kora ba. Mutane ne suka zauna a ɗaki mai sanyi, suka ce a zare kuɗi daga albashi a zuba a injuna, don masu jari su ji daɗi. Mutum ne ya zana sunaye. Mutum ne ya sa hannu. Abin da mutum ya ƙulla kuwa, mutane suna iya tsayawa su ce a kwance.

Wani zai ce ina ruwanmu da rikicin Amurka? Ɗan'uwa, ruwanmu ne tsundum. A 2024 Microsoft ya rufe cibiyar injiniyoyinsa ta Legas. Amma zo mu je Nairobi, can ne abin ya fi taɓa mu.

A Nairobi akwai wani kamfani mai suna Sama da Meta ya bai wa kwangilar tace abubuwan da ake wallafawa a Facebook. A lokacin, matasa ne daga ƙasashen Afirka daban-daban, har da masu jin Hausa, suke zama gaban allo tun safe suna kallon abin da ni da kai ba za mu iya kallo ba: yankan rago, fyaɗe, ƙona mutum da ransa. Su suke gani su cire kafin ya iso wayar ɗanka. Su suke gane zagin da aka naɗe cikin karin magana, da habaicin da zai iya tayar da gari. A Janairun 2023 aka sanar da sallamar kusan 260 daga cikinsu. A watan nan ne mujallar Time ta bankaɗo cewa ma'aikatan kamfanin Sama a Kenya sun yi aikin tace ƙazamin rubutu don a gyara ChatGPT, ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa guda. An ci moriyar ganga, an yar da kwauronta.

Amma ku ji abin da suka yi, don shi ne dalilin wannan kira. Ba su naɗe hannu ba. Fiye da 180 suka garzaya kotu. Ranar ma'aikata, 1 ga Mayun 2023, sama da mutum 150 suka taru a Nairobi suka amince da kafa ƙungiyar masu tace bayanai ta Afirka. Meta ya ce ba shi ya ɗauke su aiki ba, don haka kotun Kenya ba ta da hurumi a kansa. A Satumban 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta ce tana da shi. Cikin jagororin wannan gwagwarmaya akwai 'yar Najeriya Kauna Malgwi, wadda ta yi aikin tace abubuwan Hausa, har mujallar Time ta sa ta cikin mutum 100 masu tasiri a fagen ƙirƙirarriyar basira a 2024. Matasa marasa ko sisi suka ja kamfanin da ya fi ƙasashe da yawa kuɗi zuwa gaban alƙali. Idan su sun iya, mu me ya hana mu?

Yanzu guguwar ta shiga ɗakunan labarai. A Mayun 2025 Business Insider ta Amurka ta sallami kashi 21 cikin 100 na ma'aikatanta, tana faɗa da bakinta cewa ta rungumi ƙirƙirarriyar basira hannu bibbiyu. Tun a 2022 BBC ta sanar da rage gurabe 382 a sashenta na duniya, rediyon Larabci ya yi shiru a Janairun 2023 bayan shekara 85 yana magana. Matsin kuɗi ne ya jawo wannan. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan shirun a Maris ɗin 2025, lokacin da Muryar Amurka ta ɗauke ɗif bisa umarnin gwamnatin ƙasar. Siyasa ce ta jawo wannan. Dalilan sun bambanta, amma mai riƙe da rediyo a ƙauye abu ɗaya ya ji: ya murɗa, babu kowa. Mu mutanen rediyo ne. Tun 1957 muke jin BBC da Hausa. Tun a 1939 aka fara buga mana jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Mun san darajar muryar da muka sani, muka yarda da ita.

Shin na'urar ma ta iya aikin? Kamfanin Klarna na Suwidin ya yi alfahari a 2024 cewa na'urarsa tana yin aikin mutum 700 masu amsa koken abokan ciniki. Shekara na zagayowa shugaban kamfanin ya amsa cewa inganci ya faɗi, aka koma neman mutane. A Mayun 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafai 15 da ta ce a karanta, ashe 10 daga ciki babu su a duniya, na'ura ce ta ƙaga. Da Turanci ke nan fa, harshen da aka cika mata ciki da shi. To ina ga Hausa? Ina ga ranar da za ta fassara sanarwar allurar rigakafi, ko sakamakon zaɓe, ko labarin rikici tsakanin unguwa da unguwa, babu edita a kai? Kuskuren kalma ɗaya a irin wannan wuri jini yake jawowa.

Ban ce a guji na'ura ba. Ku koye ta, ku iya ta, ku fi mai kamfani iya ta. Marubutan fina-finan Hollywood da suka yi yajin aiki na kwana 148 a 2023 ba su ce a fasa kwamfuta ba. Cewa suka yi ba za a kira na'ura marubuci ba, ba za a tilasta wa marubuci amfani da ita ba, ba za a fake da ita a rage masa haƙƙi ba. Suka tsaya kai da fata har aka rubuta aka sa hannu. Abin da muke nema ke nan, kuma yanzu ne lokacinsa, tun kafin takardar sallama ta iso.

Don haka kowa ya ɗauki nasa.

Kai ma'aikaci, ke ma'aikaciya, a gidan rediyo kuke, ko jarida, ko banki, ko kamfanin waya: ku ɗauko takardar ɗaukarku aiki yau ku karanta. Idan babu, ku nema. Ku ajiye kwafi a gida, kada ku bar shi a kwamfutar ofis, don ita ake fara rufewa. A Najeriya sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce mai rage ma'aikata sai ya sanar da ƙungiyarsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, ya kuma zauna a tattauna kuɗin sallama. Wanda ba ya cikin ƙungiya, wa za a sanar a madadinsa? 'Yan jarida, ku shiga ƙungiyarku ta NUJ. Ma'aikatan rediyo da talabijin, ku shiga RATTAWU. Ku biya kuɗin ƙungiya, ku je taro, ku matsa wa shugabanni su sa maganar na'ura a teburin sulhu. In an miƙo muku takarda an ce ku sa hannu nan take, ku ce sai kun nuna wa lauya. Kotun ma'aikata tana nan, don ku aka kafa ta.

Ku matasa masu aikin intanet, masu fassara jimloli, masu naɗar murya da Hausa ana biyanku ta waya: aikinku ba ƙarami ba ne. Ba ku, na'ura ba za ta ce ko sannu ba. Ku tambayi wanda ya ba ku aikin: muryata ina za ta? Wa zai yi amfani da ita? Har zuwa yaushe? Ku gaya wa juna nawa ake biya. Ku tsayar da farashi tare. Kada ka karya wa ɗan'uwanka kasuwa don katin waya. Muryar da ka sayar yau da arha, gobe ita za ta karanta talla a gurbinka, ba ta neman albashi.

'Yan Kannywood, mawaƙa, marubuta littattafai, masu fassara fina-finai: kada ku ƙara sa hannu a yarjejeniyar da ba ta ambaci fuskarku da muryarku da rubutunku ba. Ku sa a rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba za a kwaikwaye ku da na'ura ba sai da izininku da kuɗinku. Ƙungiyoyinku su fitar da takarda ɗaya kowa ya riƙe.

Iyayenmu masu gidajen rediyo da jaridu, mun san dizal ya yi tsada, talla ta yi ƙasa. Ba mu raina wahalarku ba. Amma Allah ya ba ku haƙuri, kada ku kwafo dabarar masu biliyoyi. Su masu jari suke faranta wa, ku kuwa jarinku amanar mai sauraro ce. Ku horar da yaranku su yi aiki da na'urar. Abin da ta rage musu na lokaci, ku tura su kasuwa da asibiti da kotu su samo labari. In kun yi amfani da ita a wani shiri, ku faɗa mana. Kada wata kalma ta fita sai idon mutum ya bi ta kanta.

Alhazai 'yan kasuwa na Kwari da Singa, na Maraɗi da Damagaram, ku kai tallanku gidan rediyon garinku. Kuɗin da kuke biyan Facebook ƙetare teku yake yi, wanda kuka biya a gida kuwa albashin ɗan maƙwabcinku ne.

Malamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya, ku ɗauki haƙƙin ma'aikaci ku hau mumbari da shi ranar Juma'a. Limaman coci, ku yi haka ranar Lahadi.

Sauran mu duka, masu waya a hannu, namu ya fi na kowa yawa, don mu ne kasuwar. Ku sayi jarida. Ku buɗe shafin da ɗan jarida ya sa sunansa. Ku kira gidan rediyo ku ce kun ji daɗin rahoton wane, ku ambaci sunansa, mai gidan ya ji. In an turo muku bidiyo ko murya a WhatsApp, ku tambaya wa ya yi, kafin yatsa ya taɓa turawa. Ba suna, ba turawa. Ku kira ɗan majalisar mazaɓarku ku tambaye shi wace doka yake shiryawa don kare masu yi wa kamfanonin waje aiki ta intanet. In bai amsa ba, ku sake kira. In ya zo ɗaurin aure, ku tare shi a can.

Wanda aka riga aka sallama a unguwarku kuma, kada ku bi shi da ido. Kada ku ce me ya yi aka kore shi. Bai yi komai ba. Ku je gidansa. Ku ba shi aikin da ya iya, ku biya shi a kan lokaci. Ku sa shi a adashi. Ku kai sunansa inda kuka ji ana nema.

Kada ku jira taro. Kada ku jira gwamnati. Kada ku jira sai sallama ta faɗo a gidanku. Yau ka nemo takardar ɗaukarka aiki. Yau ki kira abokiyar aikinki ku yi maganar albashi. Yau ku tura wannan kira ga mutum biyar da kuka san abincinsu yana jikin allo ko makirfo, ku sa rana, ku zauna, ku rubuta abin da ba za ku yarda da shi ba, ku kai wa shugaban ƙungiyarku kafin watan nan ya ƙare.