Karen Gadin Gonarka Ba Bola Ba Ne: Duba Kwanon da Yake Sha a Ciki



Yau ba maganar kaji ko tarwaɗa zan yi kai-tsaye ba. Maganar ma'aikacin nan zan yi wanda ba ya karɓar albashi, ba ya neman hutun Sallah, kuma shi ke kwana ido biyu lokacin da muke minshari, wato karen gadi. Duk wanda gonarsa ke bayan gari ya san amfaninsa. Ko malamanmu sun yi bayanin cewa addini ya yi rangwame a kan ajiye kare domin farauta, ko tsaron dabbobi, ko tsaron gona. To tunda ka ajiye shi, ya zama amana a wuyanka.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk mazubin da ya taɓa ɗaukar guba, kada ya zama kwanon kare, kada ya zama shimfiɗarsa, kada ya taɓa jikinsa. Ko an wanke. Na san wani zai ce, "Haba malam, kare ne fa!" Ni ma haka nake cewa a da, har sai da na kusa yin asara biyu a rana ɗaya.

Ina da kare mai suna Duna, shekararsa uku a gonata. Wata safiya cikin zafin bazara na iso na tarar da shi kwance a gindin darbejiya, miyau na dalala, jikinsa na karkarwa, ya yi amai ya yi zawo, numfashi da ƙyar. Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne an ba shi guba. Kuma nan take zuciyata ta tafi kan maƙwabcin gonata, don a makon mun ɗan yi sa-in-sa a kan awakinsa. Wallahi har na kama hanyar gidansa. Allah Ya taimake ni na fara kiran likitan dabbobi. Da ya zo ya duba idon karen, ya ga ƙwayar idon ta tsuke, bai tambaye ni maƙiyana ba. Cewa ya yi, "Alhaji, nuna mini inda yake shan ruwa."

Muka je. Ashe tsohon kwanon ya fashe kwana biyu da suka wuce, sai yaron gona ya ɗauko galan ɗin maganin ƙwari da muka gama feshi da shi, ya ɗauraye sau ɗaya, ya yanke shi gida biyu, ya zuba wa kare ruwa. Yaron bai yi da mugunta ba, dabara ya ga ya yi. Laifin nawa ne, ni da na bar galan ɗin a bayan sito kuma ban taɓa ce masa komai a kai ba. Likita ya yi wa Duna allurai, Allah Ya yi da sauran kwanansa. Amma ya fi mako guda kafin ya koma gadi, ni da yaron muka riƙa kwana a gona da tocila. Da na isa gidan maƙwabcin nan da safiyar ranar, da na ɗora wa bawan Allah laifin da bai ji ba bai gani ba.

Daga ranar na zagaya gonata da sabon ido, na ga kusan duk kayan karen daga bola suka fito. Ga abin da na koya.

Kwanon ruwa da na abinci

Yawancin magungunan feshi da muke amfani da su, irin su dichlorvos wanda ake haɗa fiya-fiya da shi, suna aiki ne ta hanyar hana jijiyoyi hutawa. Abin da ke kashe ƙwaro shi ne ke sa kare dalalar miyau da karkarwa. Roba kuma tana riƙe maganin a jikinta, sai ta riƙa sakinsa a hankali, musamman in rana ta dake ta. Shi ya sa ƙa'idar da masana aikin gona ke koyarwa ita ce: a ɗauraye galan sau 3, a juye ruwan ɗaurayar cikin injin feshi, sannan a huda galan ɗin don kada kowa ya sake zuba wani abu a ciki. Ku lura, ko bayan ɗauraya 3 ba a ce a sha ruwa a ciki ba, hudawa aka ce a yi.

Na biyu, akwatin tsohon batirin mota ko na sola. Na ga gonaki da dama inda aka fasa shi aka mai da shi mazubin ruwan kare, har da na kaji. Cikin batirin nan dalma ce da ruwan asid. Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar dalma ba, mun ga abin da ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka rasu. Can daga duwatsun zinare ta fito, amma dalmar dai ita ce. Matsalarta ba ta nuna kanta da wuri, taruwa take yi a jiki. Sai ka ga kare yana ramewa, ba ya cin abinci, wata rana ya fara farfaɗiya, ka ce jifa aka yi masa. Haka ma gwangwanin fentin mai, da jarkar baƙin mai, da durom ɗin da ba ka san abin da aka shigo da shi a ciki ba.

To me za a yi amfani da shi? A wurina babu kamar kwanon silba mai kauri, irin wanda ba ya tsatsa. Ba ya shan wari, kare ba ya iya tauna shi, kuma soso da sabulu sun ishe shi. Guda biyu, na ruwa da na abinci, ba su kai kuɗin buhun abincin kaji ɗaya ba, kuma za su yi shekaru. In babu hali, kaskon ƙasa na iyayenmu ya wadatar, har ya fi sanyaya ruwa lokacin zafi. Sai dai a riƙa goge shi kullum saboda gansakuka, in ya tsage a sauya. In roba ce dole, a nemi wadda aka yi don abinci. Juya ƙasanta, za ka ga lamba cikin 'yar alama mai kusurwa uku. Mai lamba 2 ko 5 ita aka fi yin mazuban abinci da ita. Amma lamba kaɗai ba ta isa ba, don galan ɗin maganin ƙwari ma sau da yawa lamba 2 gare shi. Tambayar ita ce: me aka taɓa zubawa a ciki? Jarkar man girki da kai ka ƙarar da man da hannunka, babu laifi. Wadda ka tsinta ko ka saya wurin 'yan gwangwan, bar ta.

Abin wuya da ɗauri

Waya da siririyar igiyar leda ba abin ɗaure kare ba ne. Yana ja, tana cin wuyansa, ƙuda ya bi gyambon, kafin ka ankara tsutsa ta shiga. An fi yin wannan kuskuren da kwikwiyo: a ɗaura masa yana ƙarami, ya girma, a manta ba a sassauta ba. Dukawa da masu gyaran takalma za su yi maka abin wuya na fata mai faɗi da kuɗi kaɗan, ko ka yanko tsohon bel. Awonsa mai sauƙi ne: yatsunka biyu su shige tsakanin fatar da wuyansa. Sarƙa kuma ta kasance a inuwa, don ƙarfen da ya sha ranar Afrilu yana ƙuna.

Shimfiɗa

Buhun taki, buhun siminti, da buhun irin shuka da aka cuɗa da magani, wanda za ka ga ƙwayarsa ta yi ja ko ruwan hoda, duk ba shimfiɗa ba ne. Kare yana lasar jikinsa, yana kuma yagar abin da yake kwance a kai. Buhun algarara mai tsabta ko tsohuwar tabarmar kaba sun isa. A riƙa shanya su a rana, in sun cika ƙuma a ƙone a sauya. Kada kuma a kwaso masa dusar katako ko ɓuntun shinkafar da aka share daga ɗakin kaji.

Abin da ake shafa masa

Nan ne masu kifi ya kamata su buɗe kunne. Kaska ta dami kare, sai a ɗauko maganin feshin wake ko na shanu a kwaɓa da ka, a yi masa wanka. Ko kirci ya kama shi, a shafe shi da baƙin mai. Baƙin mai yana ƙona fata, kuma karen zai lashe shi ya haɗiye. Maganin feshi irin su cypermethrin kuwa, ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi. Ka yi wa kare wanka kusa da tanki, ruwan ya gangara, ko shi da kansa ya je ya tsoma jiki a ramin kifi don zafi, gobe ka tarar da 'ya'yan tarwaɗa sun juya ciki sama, ka tafi kana zagin wanda ya sayar maka da iri. Maganin kaska na kare daban yake, yana da awonsa gwargwadon nauyin karen. A karɓo wurin likitan dabbobi, a yi wankan nesa da ruwan kifi da rijiya.

Abin da ake zuba masa

Kwano mai kyau ba zai yi amfani ba in abin cikinsa guba ne. Abincin kajin burola sau da yawa yana ɗauke da maganin rigakafin kashin jini, irin su monensin da salinomycin. Kaza tana jure su a awon da aka sa mata, amma suna yi wa kare da doki mummunar illa a tsoka da zuciya. Masarar da ta yi fumfuna, wadda ka ƙi ba kajinka, kada ka tuƙa wa kare, don gubar fumfunar tana lalata masa hanta kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ragowar miya mai albasa da tafarnuwa da yawa tana ɓata masa jini. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke hanji. Mushen kaza kuwa a binne shi da zurfi ko a ƙone. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006 ake nanata mana wannan. Karen da ke jan mushe yana yawo da cuta daga ɗaki zuwa ɗaki, kuma wanda ya ɗanɗana matacciya, wata rana mai rai zai nema. Shinkafar ɓera ma a sa ta inda bakinsa ba zai kai ba, a kuma kwashe ɓerayen da suka mutu da sassafe.

Na san hujjar da za a kawo mini: "Karnukan unguwa a bola suke ci, ga su nan garau." Waɗanda suka rayu kake gani, ɗan uwa. Waɗanda suka mutu a bayan juji babu mai ƙirga su. Kuma karen unguwa in ruwa bai yi masa ba sai ya wuce gaba. Naka a ɗaure yake, abin da ka ajiye masa shi zai sha, ba shi da zaɓi. Wani kuma zai ce kuɗi. Ai ban ce a sayo kayan Turai ba. Duk abin da na lissafa, silba, kasko, fata, algarara, akwai su a kasuwar ƙauyenku. Amfani da tsohon abu ba laifi ba ne, mu masu ƙaramin jari da shi muke tafiya. Sanin tarihin abin shi ne sharaɗi.

In tsautsayi ya faɗa, ka ga kare yana miyau da karkarwa, kada ka cusa hannu a bakinsa, don haukan kare ma yana zuwa da miyau. Wannan ma dalili ne na yi masa allurar rigakafi duk shekara, ko cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin ta. Kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba, domin maiƙo yana iya taimaka wa irin wannan guba ta shige jiki, kuma yana iya shaƙewa. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Kira likita, ka ajiye masa galan ko kwalbar da kake zargi, don sunan maganin da ke jikinta shi zai gaya masa allurar da zai yi.

Ga masu shirin farawa, a cikin lissafinku na 'yan tsaki da abinci da allurai, ku ƙara layi ɗaya: kayan kare. Ga waɗanda suka riga suka fara, yau da yamma ku je ku ɗaga kwanon karenku, ku juya shi, ku shinshina. In ba ku san abin da aka taɓa zubawa a ciki ba, ku huda shi. Sannan ku kira yaron gona ku yi masa bayani baki da baki, don ni abin da ban yi ba ke nan.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya sa albarka a kiwonmu. Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya ba mu labari, wani zai ƙaru.