Jidda Ta Fi Katsina Kusa Da Mu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi tsokaci kan wani abu da ya tsaya mini a rai.

Da wana ya dawo daga aikin Hajji, na tambaye shi tsawon tafiyarsu. Ya ce daga Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, amma jirgin sama yana cinye su cikin awa 5 ko ƙasa da haka, don yana gudun sama da kilomita 800 a awa ɗaya. Kuma agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, wato wanda ya tashi ƙarfe 10 na dare zai sauka wajen 5 na asuba a can. Ikon Allah ke nan!

Kakanninmu kuwa da ƙafa da jaki suka yi wannan tafiya. Su bi ta Barno, su ratsa Chadi da Sudan, su tsaya su yi noma ko ƙwadago su sami guzuri, sa'an nan su haye Bahar Maliya ta Sawakin. Wani sai ya shekara 5 ko fiye bai dawo ba, wasu ma can suka zauna, har yau jikokinsu na Sudan.

To jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Daga nan Daudawa zuwa birnin Katsina kilomita 200 da wani abu ne kacal. Amma ranar da na je taryen wan nawa, tun da hantsi na fita, sai bayan la'asar na isa. Ga jiran mota ta cika, ga ramuka, ga tsaye-tsaye a hanya, ga direba ya ƙi bin gajerar hanya don tsoron ɓarayin daji. Wato kafin in isa Katsina, mai tashi daga Kano ya sauka Jidda har ya huta.

Ashe nisa ba a kilomita yake ba, a zaman lafiya yake. Ko jirgin ma haka ne. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai da jiragen alhazai suka yi zagaye, lokaci ya ƙaru, kuɗi ma ya ƙaru. Mu kuwa mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara mun daɗe da sanin zagaye, musamman tun da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020.

Ni manomi ne, ina ɗan taɓa saye da sayarwa. Duk awar da ta ƙaru a hanya, a kan buhun masara da waken suya da auduga take faɗawa, don mai mota zai ƙara kuɗi, mai saye ya rage. Mai naƙuda kuwa ba ta jiran mota ta cika.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin Jihar Katsina da ta Tarayya da wakilanmu, don Allah a gyara mana hanyoyin karkara, a tsare su dare da rana. Ba jirgi muka roƙa ba. Mu ma talakawa mu daina ɓoye masu kai wa ɓarayi labari, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.

Naku,
Wani manomi, Daudawa,
Ƙaramar Hukumar Faskari, Jihar Katsina.