A DAINA ƊORA WA "NETWOK" LAIFIN DA BA NASHI BA

Jama'ar Wurno, Rabah da Goronyo. Akwai wata ƙarya da munka saba haɗiyewa, kuma wallahi ta ishe ni. Duk ɗakin kwamfuta da ka shiga, na makaranta ne, na ofis ne ko na shagon koyar da yara, da zarar kwamfutoci sun ƙi ganin juna sai a ɗaga kafaɗa a ce "netwok ne." Shi ke nan an rufe magana, kowa ya watse.

Wane netwok? Kwamfutoci ashirin da ke ɗaki guda, an haɗa su da waya zuwa suwic guda, babu ruwansu da MTN ko Airtel. Ko a 2021 da anka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda 'yan bindiga, ɗakin da anka haɗa daidai kwamfutocinsa za su ci gaba da ganin juna. In sun ƙi gani, cutar tana cikin ɗakin, kuma sau da yawa ba ta kai ta kawo ba.

Ka leƙa bayan kwamfuta, inda waya ta shiga. In 'yar fitilar nan ba ta ƙyaftawa, to ko ɓera ya ci wayar, ko kanta ya saki, ko ƙurar hunturu ta cika ramin. Wani lokacin kwamfutoci suna kan sola amma an bar suwic ɗin kan wutar NEPA, ana ɗauke wuta duka ɗakin ya makance. Wayar nan kuma tana da iyaka, in ta wuce mita 100 sai a hankali, amma ɗan kwangila zai ja ta daga wannan gini zuwa wancan don kar ya sayi wani suwic. In waya lafiya take, sai a duba lambar adireshin kwamfuta. Wadda lambarta ta fara da 169.254 tana faɗa maka ne cewa ta nemi adireshi ba wanda ya ba ta. In wannan tana 192.168.0 waccan tana 192.168.1, to galibi unguwa biyu suke, sallamar wannan ba ta isa kunnen waccan. Sannan Windows da kanta tana ɓoye kwamfuta in an saita haɗin a Public maimakon Private. Akwai ma masu kwafe manhajar kwamfuta guda su zuba wa sauran, duka su tashi da suna iri ɗaya, kamar a ce ajin yara hamsin kowa sunansa Bello.

Wanne ne a ciki ke buƙatar injiniya daga Abuja? Yaron da ya yi difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi zai warware mafi yawansu kafin azahar. Amma mu a nan ba a ɗaukar wannan yaron aiki. Kwamfuta ake saye, saboda ita ce ke fita a hoto ranar yanke ƙyalle. Albashin mai gyara ba ya fita a hoto. Na shiga ɗakin da anka jera kwamfutoci sababbi fil, an lulluɓe su da leda, malamin da ke riƙe da makulli yana tsoron kunna su kar wata ta lalace a ce shi ne. Ban ga laifinshi ba, ba a koya mashi ba.

Wani zai ce, malam, ana fama da rashin tsaro, manomi bai iya zuwa gona, kai kana zancen waya da suwic? To ai saboda rashin tsaron ne ma nake magana. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma sharaɗinta cibiya ta mallaki kwamfutoci aƙalla 250, haɗe da waya zuwa uwar garke guda. Garin da bai iya riƙe ashirin suna aiki, yaushe zai riƙe 250? Sakamakon shi ne ɗanka da 'yarka su kama hanyar Sakkwato da duku-duku, hanyar da kai kanka sai ka yi addu'a kafin ka hau, su zauna gaban na'urar da wasunsu ba su taɓa riƙe linzaminta ba, a ce su yi gasa da ɗan Legas.

Kuma kar a ɗauka ƙaramin sakaci ƙaramar ɓarna yake yi. A watan Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye, ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, dole anka sake masu jarrabawa. Can akwai masu ihu, ihunsu ya kai. Mu nan da cewa za a yi netwok ne, yaro ya rungumi ƙaddara. Ga shi kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya shelanta cewa WAEC da NECO ma kwamfuta za su koma.

Don haka shugabannin ƙananan hukumominmu uku da 'yan majalisunmu, ga tambayata: ɗakunan kwamfuta nawa ne a yankinku, kuma a kowanne kwamfuta nawa ke ganin 'yan uwanta yau? Ku aika a ƙirga. Kafin a sake sayen ko guda, a ɗauki mai gyara ɗan gari a ba shi albashi, a ba shi na'urar gwada waya, filayar matse kan waya da dam ɗin waya guda, duka kuɗinsu bai kai na kwamfutoci biyu ba. A sa suwic kan batir. A rubuta lambar kowace kwamfuta a manna jikinta.

Malaman makaranta da ke bibiyata, ku rubuto mani a ƙasa halin da naku ɗakin yake ciki, ba sai kun faɗi sunan makaranta ba. Wanda kuma kwamfutarshi ta ƙi fitowa, ya turo lambar adireshin da ta nuna mashi, mu duba tare.